Katin awon da na tsinta a adakar Inna

Makon jiya muna kwashe kayan ɗakin Inna, Allah ya jiƙanta, sai ga katin awona na jarirantaka a ƙasan adaka, an naɗe shi a leda tare da takardar gida. Ya yi ja, gefe ya cinye, amma ɗigon nauyina yana nan da biro, wata bayan wata, tun daga 1986. A wata na tara layin ya sunkuya ƙasa. Yayata ta ce lokacin gudawar haƙori ne, kuma da malamar asibiti ta ga Inna ba ta kawo ni awo ba, ƙafa ta taka har gidanmu, ta zauna kan tabarma ta haɗa ruwan gishiri da sukari a gabanta. Kwalabar lemo biyu ta ruwa, ƙwayar sukari biyar, gishiri shafaffen ƙaramin cokali.

Na san yanzu wani zai ce ai da ya fi. Dakata tukuna, ɗan'uwa. A da ɗin mata sun mutu ba adadi, sai dai a ce ta tafi da ciki, a yi addu'a a watse. Kunya ta hana mai cikin fari faɗin tana naƙuda, ta kwana biyu a durƙushe, ungozoma ta yi yankan gishiri, a ƙare da yoyon fitsari. Me ya cika asibitin Babbar Ruga na Katsina da mata tun shekarun 1980 in ba wannan ba? Likitocin Zariya kuma tun shekarun 1970 suka lura da yadda wankan jego da kunun kanwa ke kumbura zuciyar mai jego. Farfesa Kelsey Harrison ya bi haihuwa 22,774 a Zariya daga 1976 zuwa 1979, ya tarar mutuwar matan da ba su taɓa zuwa awo ba, waɗanda sai abu ya ɓaci ake kawo su, ta yi ninkin ba ninkin ta masu kati.

To abin da nake kewa ba zamanin ba ne. Bibiya nake kewa. Lokacin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya riƙe ma'aikatar lafiya ta tarayya daga 1985 zuwa 1992, ga tsarin tsuke bakin aljihu na SAP ya matse kowa, kuɗi babu, sai ya karkata ga abubuwa masu araha: sikeli, kati, nonon uwa, da rigakafin cututtuka shida, wato tarin fuka, shan inna, ƙyanda, tarin shiƙa, mashaƙo da sarƙewar haƙora. Mai unguwa ya sa a yi shela, mata su fito da goyo ƙarƙashin darbejiya. Da yawa cikin waɗanda aka haifa a shekarun nan in suka duba kafaɗarsu, tambarin allurar yana nan. Kuma ranar awo makaranta ce, a yi waƙa da tafi, a nuna yadda ake dama kunun gyaɗa da waken suya, a yi wa wadda ta yaye da wuri faɗa a gaban kowa. Faɗan ma, wallahi, kulawa ce.

Yau fa? Gini muke so, mai fenti da allo ɗauke da sunan wanda ya kawo aikin. Na raka matar ƙanena wani ƙaramin asibiti bara da misalin sha ɗayan dare, muka tarar da kwaɗo a ƙofa, mai gadi ya ce malamar tana kwana cikin gari. Da safe aka miƙo mana jerin sayayya, har da safar hannu da reza. Ta haihu lafiya, alhamdulillahi, amma har aka yi arba'in ba wanda ya leƙo ya ga ko cibiya ta faɗi. Mashaƙon da muka ɗauka an binne shi ya dawo Kano a ƙarshen 2022 ya ɗebi yara, akasarinsu ba su da allura ko ɗaya.

Mu ma maza da namu laifin. Nawa ne cikinmu ya san ranar awon matarsa? Baba, duk da zafinsa, shi ke ɗora Inna a bayan keke ya ajiye ta ƙofar asibiti kafin ya wuce kasuwa. Jiya na tambayi ƙanena ina katin ɗiyarsa, ya ce bari ya tambayi uwarta. Uwar ta ce tun ranar suna ba ta sake ganinsa ba.