"Zan yi addu'a a kai"

'Yan'uwa a cikin Almasihu, yau da kaina zan fara, don kada wani ya ce da shi nake.

Shekara biyu da suka wuce wani dattijon ikilisiyarmu ya tare ni bayan sujada, a gindin darbejiyar ƙofar majami'a. Ya ce, "Ɗana, akwai iyayenmu a zumuntar mata da ba su iya karatu ba, suna so su riƙa buɗe Littafi Mai Tsarki da kansu. Kai malami ne, ka ba su awa ɗaya ranar Talata." Tun bai rufe baki ba na san maganar tawa ce. Amma me na ce? "Baba, zan yi addu'a a kai." Sau uku yana tuna mini, sau uku ina ba shi wannan amsa. Tsakani da Allah, ko sau ɗaya ban durƙusa a kan zancen ba. Watan jiya muka binne ɗaya daga cikin matan. A gidan makoki 'yarta ta nuna mini Littafin da ta saya mata, sabo fil, ko ledarsa ba a yage ba, ana jiran ranar da za a fara aji.

Tun daga ranar nake jin kunyar wannan kalma. Mun mai da ita hanyar cewa a'a cikin ladabi. A nemi mai koyar da yara a makarantar Lahadi, za a yi addu'a a kai. A ce ka je ka shirya da ɗan'uwanka da kuka yi shekara biyar ba ku gaisawa saboda gonar gado, kana jiran jagorar Ruhu. Wace jagora kuma? Matiyu 5:24 ya riga ya ce ka ajiye baikonka a gaban bagade, ka fara zuwa ku shirya tukuna.

Ku duba mutanen zamanin annabi Haggai. Sun dawo daga bauta a Babila, sun kafa harsashin Haikali, sai aiki ya tsaya har wajen shekara 16. Ba su taɓa cewa ba za su gina ba. Cewa suke yi lokaci bai yi ba tukuna. A wannan jiran ne kowa ya gama nasa gida, ya yi masa rufi mai kyau. Allah ya ce musu su duba halin da suke ciki: ana shuka da yawa ana girbe kaɗan, mai albashi kuma kamar a jaka mai huji yake zuba kuɗinsa. (Wannan ayar, duk ma'aikacin da albashinsa ke ƙarewa kafin goma ga wata ba ya bukatar sharhi.) Abin da ya fi ba ni mamaki, Haggai ya yi magana ranar 1 ga wata na shida, ranar 24 ga watan nan mutane suna kan aiki. Abin da ya gagara shekara 16 ya tashi a cikin mako uku. Ashe duwatsu da ƙarfi duk suna nan tuntuni.

Na san wani zai ce gaggawa aikin Shaiɗan ce, kuma yana da hujja. Mun ga saurayin da ya yi mafarki daren Juma'a, ranar Lahadi ya kama hayar shago, ya sa lasifika, ya zama "Janar Obasiya", wato shugaban coci, iyalinsa na kwana da yunwa. Ba wannan nake nufi ba. Idan kira babba ne, na barin aiki ko ƙaura, a nemi shawarar fasto da dattawa, a zauna da iyali. Manzo Bulus kansa sai bayan shekara uku da tubarsa ya je Urushalima ya ga Bitrus. Sai dai kada a manta, tun a Dimashƙu ya fara wa'azi, kwanaki kaɗan bayan idanunsa sun buɗe. Yawancin abin da muke ɗagawa kuwa ba irin wannan ba ne. Gaisar da marar lafiya ne, biyan bashi, neman gafara, kuɗin makarantar maraya guda.

Manomi ya fi mu gane zancen. Ranar da ruwan shuka ya sauka, da asuba yana gona da sungumi. Wanda ya ce sai mako mai zuwa, ƙasa ba ta jiransa.

A Disamban 1893 matasa uku suka sauka Legas da nufin kawo bishara ƙasar nan: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Babu wata babbar ƙungiya da ta tsaya musu. Shekara na zagayowa biyu sun rasu, Gowans a Girku, Kent a Bida. Bingham ya koma gida, ya sake gwadawa ya kasa, sai a 1902 aka kafa tasha a Patigi. Daga wannan aiki ikilisiyar ECWA ta fito a 1954. Ana iya cewa da sun ƙara shiri da ba su mutu da wuri haka ba, ni ma ban musa ba. Amma duk ranar da na zauna a kan benci ina rera waƙa da Hausa, na san ba don sun gama lissafi suka taso ba. Ni kuwa awa ɗaya aka roƙe ni, majami'ar ma da ƙafa nake zuwa.

Jiya da yamma na je gidan dattijon. Ban yi dogon bayani ba, na ce, "Baba, na zo." Ya daɗe yana kallona, sannan ya aiki jikansa ya ɗauko makullin ajin. Mata bakwai suka rage. Talata mai zuwa ƙarfe huɗu za mu fara, kuma 'yar marigayiyar ta ce a kai Littafin nan aji, duk wadda ta fara haɗa baƙi ta ɗauka.