Kafin a biya kuɗin babban murhun gas: nasiha ga amare da masu haɗa kayan kicin

Assalamu alaikum ƙannena amare, da iyayenmu masu haɗa kayan ɗaki, da ku angwaye da kuke ƙarasa gini a Hanwa, Dan Magaji ko Samaru. Magana ce nake da ita a kan babban murhun gas ɗin nan mai kai biyar ko shida da oben a ƙasa, wanda yanzu ya zama kamar farilla a kicin ɗin amarya a Zariya. Ba hana kowa saye nake yi ba. Wadda Allah ya hore wa, kuma tana son girki har ranta, ta sayi mai kyau, don sayen nagari mai da kuɗi gida ne. Abin da ke damuna shi ne yadda ake zaɓen. A gani a bidiyon wata a TikTok, a nufi kasuwar Sabon Gari ko a yi tattaki har Kano, a miƙa wa mai shago waya a ce irin wannan ake so. Idon 'yan ganin jere ake saya wa, alhali su yini ɗaya za su yi su watse, ke kuma ki zauna da shi shekara da shekaru.

Ki fara da tukunyarki. Me ake ci a gidan? Tuwon masara ne, tuwon shinkafa, fate, dambu, waina. Tuƙin tuwo aikin ƙarfi ne: hannu ɗaya ya danne tukunya, ɗayan yana juya muciya, nauyinki duka ya sauka a kan murhun. Murhu mai saman gilashi yana da ɗaukar ido a shago, amma ba don wannan aikin aka yi shi ba, kuma idan ya tsage gyaransa sai an sauya gilashin gaba ɗaya. Ki nemi mai saman ƙarfen da ba ya tsatsa. Ki ɗaga ƙarafan da tukunya ke zama a kai, ki ji nauyinsu a hannunki. Idan sirara ne marasa nauyi, tukunya za ta riƙa rawa a kai, watanni kaɗan su lanƙwashe. Masu kauri, masu nauyi, su ne abin nema. Kada ki ji kunyar zuwa shago da babbar tukunyarki da tandar wainarki ki ɗora ki gani. Murhu mai faɗin santimita 60 kai huɗu ne da shi, amma manyan tukwane biyu da ƙyar suke zama tare, sai ɗaya ta ture ɗaya daga kan wuta. Mai santimita 90 ya fi sakewa, in dai kicin ɗin zai ɗauke shi. Kuma yawan kai ba shi ne inganci ba. Ki tabbata akwai kai ɗaya mai ƙarfi, mai zoben wuta biyu ko uku, don tafasa ruwa da suya, sannan akwai ƙarami da wutarsa ke yin ƙasa sosai ba ta mutu ba, wanda za ki bar tuwo ya sulala ko shinkafa ta turara ba tare da ta kama ba.

Sai oben. Nan ne aka fi yin asara. Yawancin masu tsada oben ɗinsu na lantarki ne, yana jan wat 2,000 zuwa 3,000, ƙaramin janareta kuwa, irin wanda ke ɗaukar fanka da talabijin, bai kai wat 1,000 ba. Kun san yadda wuta take a unguwanninmu. Ki kwaɓa kek ɗinki, ki fasa ƙwai, ki sa a ciki, minti goma a ɗauke wuta. In ba ku da babban janareta ko sola mai ƙarfi, oben mai aiki da gas za ki nema. Ki kuma tambaya ko ana iya kunna shi da ashana, saboda maɓallin ƙyastawar shi ma galibi wutar lantarki yake buƙata.

Ku maza masu sha'awar yin odar manyan sunaye irin su Wolf da Viking daga Amurka, ko sayen na hannu da aka shigo da shi, ku saurara. Wutar gidajensu bolt 120 ce, tamu 230. Sannan galibinsu an saita su ne a kan gas ɗin da ake ja ta bututu zuwa gidaje, ba na tukunya irin namu ba. Namu yana buƙatar kafar fitowa mafi ƙanƙanta, don haka dole a sauya 'yan ƙananan bakunan da gas ke fitowa ta ciki. Idan ba a sauya ba, za ku ga wuta tana tashi sama ja-ja, gindin tukunya ya yi baƙi ƙirin, gas kuma yana ƙarewa da wuri. Wuta mai kyau shuɗiya ce, a kwance, ba hayaƙi. Kafin ku biya, ku tambaya: idan wani abu ya lalace, akwai mai gyara a Zariya ko Kaduna? Ana samun kayan gyaransa? Murhun miliyoyi da ya rasa makanike ya koma kabad ɗin ajiye tukwane.

Abin da ya fi duk wannan muhimmanci shi ne rai. Don Allah ku nemi murhun da ke yanke gas da kansa idan wuta ta mutu. Miya tana tafasowa ta kashe wuta, iska tana kashewa, yaro yana murɗa maɓalli ya gudu. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, idan ya zuba ba sama yake tashi ba, ƙasa yake kwanciya ya taru, ƙyasta ashana ɗaya ya isa. Duk kuɗin da za ku ƙara don wannan kariyar, ku ƙara. Kada a sayi murhu mai tsada a haɗa shi da tiyo da kan tukunyar gas na araha. Bayan an haɗa, a shafa kumfar sabulu a duk mahaɗa, in ta yi ƙwai-ƙwai to yana zuba. Ba a gwadawa da wuta. Tukunyar gas ta zauna a tsaye, in da hali a waje, a inuwa. Lokacin hunturu ana rufe tagogi saboda ƙura da sanyi, amma ba a kunna kai huɗu da oben a kicin rufaffe. Idan kin ji warin gas, ki rufe kan tukunyar gas ɗin, ki buɗe ƙofa da taga, kada ki taɓa makunnin lantarki.

Ƙanwata, ki tausaya wa Baba. Zuciyata tana sosuwa idan na ji uba ya ci bashi ko ya sayar da gona don kada a ce kicin ɗin 'yarsa bai kai na 'yar wane ba. A Suratul Furƙan, aya ta 67, Allah ya yabi bayinsa da cewa idan za su ciyar ba sa ɓarna kuma ba sa ƙwauro, tsaka-tsaki suke bi. Ku biyu ne kawai a gidan a farko. Girkin suna da na biki kuwa, kin sani na sani, a tsakar gida za a yi shi da itace da manyan tukwane, ba a wannan murhun ba. Kai kuma ango, ka tuna kai ne za ka riƙa ɗaukar tukunya mai kilo 12.5 kana kaiwa a cika, kuma oben da babban kai suna shan gas ba kaɗan ba. In aljihunka bai kai ba, ka faɗa tun kafin a saya, kada a dawo kan gawayi ga murhu yana kallon ku.

Ranar zuwa kasuwa a tafi da awon wurin da za a ajiye shi, har da awon ƙofofin da zai bi ya shiga. Gidajenmu na cikin birni zaurensu da ƙofofinsu ba faɗi gare su ba, mai santimita 90 ba ko'ina yake wucewa ba. A sa mai shago ya haɗa gas ya kunna kowane kai a gabanku, har da oben, ku ga launin wutar da idonku, sannan a karɓi rasit da takardar garanti mai hatimin shagon a adana.