Kafin mu sake zolayar masu zuwa taron yanayi

'Yan'uwana matasa, duk ƙarshen shekara sai shugabanni su ɗunguma zuwa taron sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, mu kuma mu buɗe Facebook mu hau zolaya. A 2023, da aka yi taron a Dubai, labari ya fito cewa mutum 1,411 aka yi wa rajista da sunan Najeriya, gwamnati ta ce 422 kaɗai ta ɗauki nauyinsu. Mako guda muka yi muna cacar baki, har da ni. Amma da za a tsayar da mu a ce me ƙasarmu ta sa wa hannu a waɗannan tarurruka, mutum nawa ne cikinmu zai buɗe baki?

A 2015 a birnin Faris kusan duk ƙasashen duniya suka amince a hana ƙarin zafin duniya kai wa digiri 2 a kan yadda yake kafin zamanin masana'antu, a yi ƙoƙarin tsayar da ita a 1.5. Kowace ƙasa ita ke rubuta nata alkawarin, ta sabunta shi duk shekara biyar. Babu kotu, babu ɗan sanda. Shi ya sa Trump ya fitar da Amurka daga yarjejeniyar, Biden ya mayar da ita, Trump ya dawo a 2025 ya sake sa hannun ficewa, ba wanda ya iya hana shi. Maganar kuɗi ma haka take. Tun 2009 manyan ƙasashe suka ce za su riƙa ba masu tasowa dala biliyan 100 duk shekara daga 2020; sai 2022 aka ce sun cika, kuma kaso mai yawa rance ne. A Baku, a 2024, aka tsaya a kan dala biliyan 300 nan da 2035, alhali masu tasowa fiye da tiriliyan ɗaya suka nema. Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da kashi 4 cikin ɗari na hayaƙin da ke ɗumama duniya ba, amma mu ne damina ke yi wa wasa da hankali. Saboda haka wanda ya ji haushin Turawa bai yi laifi ba.

Sai dai jin haushin na nesa abu ne mai sauƙi, domin ba zai ji ka ba. Akwai alkawuran da namu suka ɗauka, su kuma muna iya isa gare su. A Gilasgo, a 2021, marigayi Buhari ya ce nan da 2060 Najeriya za ta daina ƙara wa sama hayaƙi fiye da wanda ake shanyewa. A watan Nuwamba na shekarar ya sa hannu a dokar sauyin yanayi, wadda ta kafa majalisar ƙasa kan lamarin. Ƙasar ta kuma rubuta a 2021 cewa zuwa 2030 za ta rage kashi 20 cikin ɗari na hayaƙinta da ƙarfinta, ko 47 idan ta samu tallafi. Kun taɓa jin ɗayanmu ya tambayi ɗan majalisarsa ina aka kwana? Ƙona iskar gas a yankin Neja Delta tun 1984 aka ce a daina, ana ta ɗage wa'adi har yau wutar na ci. Jihohi suna karɓar kuɗin kula da muhalli daga asusun tarayya. Mu dai ba ma tuna wannan kuɗin sai ruwa ya ci gari, kamar yadda madatsar Alau ta fashe a Satumban 2024, ruwa ya shiga Maiduguri cikin dare, ya mamaye kasuwar Monday Market, har namun gidan zoo suka fita cikin unguwanni. Muka yi ta raba hotuna da addu'o'i, bayan wata biyu muka koma maganar ƙwallo.

Bari in faɗi tawa, kada a ce na ware kaina. Shekara uku da suka wuce ƙungiyarmu ta unguwa ta yi bikin dashen itatuwa. Muka ɗinka riguna iri ɗaya, muka kira mai hoto, aka jera dashen darbejiya da mangwaro cikin baƙaƙen ledoji a gefen titi. Wani babba ya durƙusa ya sa guda a rami, aka tafa, aka sha lemo. Ba wanda ya ce wa zai riƙa ban ruwa, ba wanda ya kawo ƙaya ko kwando a kewaye su. Kafin sati biyu awakin unguwa sun gama da mangwaron. Da bazara ta shigo na bi layin ina ƙirgawa, huɗu suka rage, su ma don wata tsohuwa tana zuba musu ruwan wanke-wanke ne. Hotunan kuwa har yau suna shafinmu, mun rubuta a ƙarƙashi cewa muna yaƙi da kwararowar hamada. To me ya raba mu da masu zuwa Dubai, in ba kuɗin jirgi ba?

Ku dubi 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram. Bayan farin shekarun 1980 manoma suka daina tumbuke kututture idan suna sharar gona. Sai su bar tohon gawo da kalgo da sabara, su zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi, su sare sauran. Da wannan kawai aka farfaɗo da wajen hekta miliyan 5, ba da dashe ba, ba da biki ba. Gawo kuwa kun san halinsa: da damina yake zubar da ganye, gero ya samu rana da taki a ƙarƙashinsa.

Abin da nake roƙonmu kaɗan ne. Mai data ya nemo takardar alkawarin ƙasarsa ya karanta, ya fassara wa 'yan majalisarsu ta hira abin da ya gane. Idan masu neman ƙuri'a suka zo, bayan maganar rijiyar burtsatse, a tambaye su nawa jiha ta karɓa na muhalli bana, wace magudanar ruwa aka yashe da shi. Mu kuma a unguwarmu mun yanke cewa daminar bana dashe ashirin kawai za mu sa, kowane ɗaya da sunan gidan da zai ba shi ruwa. Biyu aka rubuta a sunana, na riga na sayi kwandunan.