Kwana biyar a gidan da ba shi da unguwa

Tunda na saka hoton nan ina zaune a bakin jirgi da kofin shayi a hannu mutane suka rabu min gida biyu. Wasu na cewa kai mutumina ka ji daɗinka, wannan ai ita ce rayuwa, wasu kuma na cewa ai Turawa in kuɗi ya ishe su sai hauka. To ni dai na je na kwana biyar, kuma a ganina duk cikinku babu wanda ya canka.

Abokin tsohon abokin aikina ne, shi da matarsa, suka sayar da gidansu da mota suka sayi jirgin ruwa mai ƙyalle, irin wanda iska ke turawa, tsawonsa mita 12, wato da ƙyar ya kai tsawon babbar bas. Nan ne ɗaki, nan ne falo, nan ne kicin da banɗaki. Da na ce zan kawo musu ziyara sai ya ce min ka zaɓi ɗaya, ko rana ko gari, ba ka samun duka biyun. Na ɗauka wasa yake. Ashe in ka ce ranar kaza zan zo to sai dai ka bi su duk inda iska ta kai su, in kuma ka ce a gari kaza za mu haɗu to sai ka jira ranar da suka iso. Na zaɓi gari, Las Palmas, a tsibirin Gran Canaria na ƙasar Sifen, can yamma da gaɓar Maroko, aka ɗaga min tafiya har sau biyu, ni da na saba in an ce Juma'a to Juma'a ce.

Garin ba banza suka nufe shi ba. Duk shekara a ƙarshen Nuwamba jirage irin nasu ke taruwa a nan su tashi tare su tsallaka Tekun Atlantika zuwa tsibirin Saint Lucia da ke yankin Karibiyan, tun 1986 ake wannan gangamin da suke kira ARC, tafiyar mil 2,700 na teku, kusan sati uku babu ganin ƙasa in an miƙe kai tsaye. Jira suke lokacin guguwa ya wuce, don daga Yuni zuwa Nuwamba take tashi a can, sannan iskar da ke kaɗowa daga arewa maso gabas ta zauna daram ta riƙa tura su ta baya. Ko Kolumbus a 1492 daga waɗannan tsibiran ya yi sallama da ƙasa a hanyarsa ta zuwa nahiyar Amurka.

Yanzu ga inda nake so mu yi magana. Mu a wajenmu baƙo sarki ne, a ba ka ɗaki, a kai maka ruwan wanka, in ka miƙe za ka ɗauke kwano a ce haba dai, zauna. A jirgi wannan duk babu. Tun kafin in taka aka ce cire takalmi, akwatina mai taya ma sai da muka juye kayan a jakar ƙyalle don babu inda za a tura shi. Sai matar ta ja ni banɗaki ta yi min darasi na kusan minti goma kan yadda ake buga famfon masai da hannu, da abin da ba a jefawa ciki, ni babba da gemuna ina tsaye ina gyaɗa kai. Ruwan sha tankinsu lita 400 ne kacal, wanka bai wuce ka jiƙa jiki ka rufe famfo ka sa sabulu ka ɗauraye ba. Wuta ta sola ce da batir, kafin ka maƙala caja sai ka tambaya. Da farko wallahi raina ya ɗan sosu, na ce wannan wace irin karɓar baƙo ce. Sai da na ga shi kansa maigidan yana wanke kwanuka da ruwan teku yana ɗaurayewa da ruwan daɗi rabin kofi, sannan na gane ba rowa ba ce, abin da suke da shi kenan kuma sun raba shi uku da ni.

Maganar ruwan nan ce ta tuna min hadisin da muka karanta tun muna Islamiyya, na mutumin da ya tambayi Annabi (SAW) cewa suna shiga teku da ɗan ruwa kaɗan, in sun yi alwala da shi ƙishi zai kama su, aka amsa masa cewa ruwan teku mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal ne. Yaro ɗan Kano ina ruwansa da teku, haddacewa kawai muka yi. Sai ga ni da bokiti da igiya ina jawo ruwan gishiri ina alwala. Alƙibla kuwa daren da muka kwana a kan anka, wato ƙarfen da ake jefawa ƙasan ruwa ya riƙe jirgi, ka tayar da sallah kana kallon gabas kafin ka sallame jirgin ya juya da kai.

Rana ta uku muka tsallaka zuwa tsibirin Tenerife, mil 50 da ɗoriya, jirgin na tafiyar da ba ta wuce kilomita 10 a awa ba, mai keke ma zai wuce mu. Awa goma. Tsakanin tsibiran nan iska matsewa take ta ƙara ƙarfi, jirgin ya kwanta gefe guda, ni kuwa abin da na ci da safe duk na mayar wa kifaye. Ba wanda ya lallashe ni, sitiyari aka miƙa min aka ce riƙe ka kalli can nesa inda ruwa ya haɗu da sama, kuma abin mamaki jirin ya lafa. Can da la'asar dutsen Teide ya fito ta saman gajimare, mita 3,715, na manta da wahalar na ɗan lokaci. Hoton da kuka gani washegari aka ɗauka, bayan na yi awa biyu ina haska masa tocila yana kwance cikin ramin inji yana canza wata 'yar robar famfo. Kullum akwai abin da gishiri ya ci. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to su nasu yoyon in an yi sakaci gidan ne gaba ɗaya zai nutse.

Shi ya sa masu cewa hutu ne nake musu dariya, mutumin da ke kwana da kunne ɗaya a buɗe yana sauraron ƙarar sarƙar anka ba hutu yake ba. Masu cewa hauka ne su ma ban bi su ba, don ban taɓa ganin mutane masu lissafi irinsu ba, lita nawa ya rage, iska daga ina gobe, komai a rubuce. Inda na tsaya na kasa haɗiyewa shi ne zumunci. Da na ba Hajiyarmu labari a waya tambayarta ɗaya ce, su ba su da dangi ne? Suna da su. An yi rasuwa a gidan matar suna tsakiyar tafiya, sai bayan an yi jana'iza da kwanaki ta isa, da ta faɗa min sai da muryarta ta karye. Ni ba zan iya wannan ba, a yi suna a yi biki a yi rashi ina can ina jiran iska.

Sun ce in sake zuwa, wannan karon a Mindelo ta ƙasar Kef Bad in sun sauka can, kuma in taho musu da yajin da na bar musu ragowarsa don ya kusa ƙarewa. Na ce to, garin na riƙe, ranar ku faɗa min.