Ranar da na mayar da tuba kakakin wasan yara

Ni dai aikina ɗaukar murya ne, mawaƙa da masu talla, shi ya sa hannuna ya saba, ina zama gaban mikisa, na'urar haɗa sauti, sai na danna maɓallin nan na lo-kot, filtar da ke yanke duk ƙarar da ke ƙasa da 100 Hz (Hz ma'aunin sauti ne, ƙaramar lamba sauti mai kauri ke nan). A murya lafiya lau ne, gurnanin esi da takun ƙafa kawai take kwashewa.

To sai ga wani dattijo ya shigo da tuba, ƙaton kakakin tagullan nan da sai an rungume shi. Awa biyu Baba na hurawa, kumatu kamar za su fashe, ni kuma ina ta gyaɗa kai a ƙaramin hedifon ɗina wai komai ya yi zam-zam. Ashe kunne ke yaudarata, don ko an yanke gindin sauti, in dai 'ya'yansa na sama, siraran sautukan da ke tafe da shi, suna nan, ƙwaƙwalwa sai ta cike gurbin da kanta.

Muna kunnawa a manyan lasifika wallahi sai ka ce sauro a gwangwani. Baba ya kalle ni ya ce "yaro, wannan wa ya hura?" Na ce makirfo ne, na ce waya ce, har na fara cewa ko dai Baba bai kusanto ba ne. Sai yaron da nake koya wa aiki ya ce oga duba nan. Filta biyu na kunna! Ta jikin makirfo 80 Hz, ta mikisa 100 Hz, alhali sautin tuba na ƙasa da ake kira Bb wajen 58 Hz yake, mai zurfin ma har 29 yake sauka. Wato kayan mutum na yanka tun daga bakin ƙofa.

Na yi ta ɗaga bes, wato kaurin sautin, a kwamfuta ko zai dawo, ina! sai laka kawai.

Haka muka sake daga farko ba filta ko ɗaya, sai ga esi ya shigo, ga Baba yana buga ƙafa yana ƙirga kiɗa, duk sun hau. Na kashe esi, na roƙe shi ya cire takalmi, yankan kuma na bari sai daga baya a kwamfuta, wajen 25 Hz. Ya gama gumi sharkaf, ba takalmi, ya ce kafin ya ajiye tubar sai an kunna masa ya ji, kuma yaron ne zai kunna ba ni ba.