Zaɓen ƙananan hukumomin Turkiyya: saƙon da Erdogan ya ji amma bai ɗauka ba

A ranar 31 ga Maris 2024 Turkawa suka zaɓi magadan gari da kansiloli a dukkan larduna 81 na ƙasar, kuma sakamakon ya zo da abin da ba a taɓa gani ba tun hawan jam'iyyar AKP ta Erdogan mulki a 2002: ta zo ta biyu. CHP, babbar jam'iyyar adawa, ta samu kusan kashi 38 cikin ɗari na ƙuri'un, AKP kuwa ta tsaya a kashi 35 da rabi. Rabon CHP da ta zo ta ɗaya a faɗin ƙasar tun 1977. Abin lura shi ne, wata goma kacal kafin nan, a Mayun 2023, waɗannan mutanen ne suka sake bai wa Recep Tayyip Erdogan shugabancin ƙasa da kashi 52.

Na san Erdogan yana da masoya da yawa a cikinmu, kuma na san dalili. Yana buɗe baki a kan Falasɗinu a lokacin da wasu shugabannin Musulmi ke sunkuyar da kai, a zamaninsa aka ɗage haramcin ɗaura ɗankwali a jami'o'i da ofisoshin gwamnati, ga hanyoyi da asibitoci. Ba na raina ko ɗaya. Amma duk wanda ke ƙaunarsa da gaske ya kamata ya tsaya ya dubi su waye suka juya masa baya a wannan zaɓe, domin yawancinsu 'yan gida ne.

Nasarar Ekrem Imamoglu a Istanbul da ta Mansur Yavas a Ankara ba su ba kowa mamaki sosai ba, tun 2019 suke riƙe da biranen, sai dai ratar ta ƙaru: Yavas ya haura kashi 60. Inda abin ya girgiza AKP shi ne garuruwan da take ɗauka nata ne ko da ba ta yi kamfe ba. Bursa ta tafi, Balikesir da Denizli da Afyon sun bi. Adiyaman, garin masu riƙo da addini da girgizar ƙasar Fabrairun 2023 ta ragargaza, ya zaɓi ɗan CHP. Hatta Uskudar, gundumar Istanbul inda gidan Erdogan yake, wata mace 'yar CHP ce ta lashe ta.

Shin mutanen nan sun kwana masu ra'ayin mazan jiya ne suka wayi gari 'yan ba-ruwanmu-da-addini? Ko kusa. Kuɗin cefane ne ya yi magana. A watan zaɓen, hauhawar farashi a alƙaluman gwamnati kanta ta kai kashi 68 cikin ɗari. Kwana goma kafin a kaɗa ƙuri'a babban bankin ƙasar ya ɗaga kuɗin ruwa zuwa kashi 50, domin gyara ɓarnar shekarun da Erdogan ya kafe a kan sai an rage kuɗin ruwa alhali kaya na tashi. 'Yan kasuwarmu masu sarin tufafi a unguwar Laleli ta Istanbul sun ga yadda Lira ta narke: dalar da ba ta kai Lira goma ba a farkon 2021 ta wuce talatin a lokacin zaɓen.

Waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗarsu su ne 'yan fansho, mutum wajen miliyan 16, kuma su ne ƙashin bayan AKP shekara da shekaru. Mafi ƙarancin fansho a lokacin Lira dubu goma ne a wata, alhali mafi ƙarancin albashi dubu goma sha bakwai ne. Tsohon da ya yi aiki tsawon rayuwarsa ba ya iya biyan hayar ɗan ƙaramin gida a Istanbul da wannan kuɗi, balle nama. Kuma a wannan shekarar ce gwamnati ta laƙaba wa 2024 sunan shekarar 'yan fansho. A ɗaya ɓangaren, hukumar birnin Istanbul ta buɗe gidajen abinci masu rahusa inda mutum zai ci miya da shinkafa da ɗan nama a kan Lira arba'in a lokacin. Tsofaffi da ɗalibai da leburori suna bin layi tun kafin azahar, kowa da farantinsa. Wanda ya ci a nan ba ya buƙatar a karanta masa manufofin jam'iyya. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

To ina ƙuri'un AKP suka tafi? Kashi mai yawa bai je ko'ina ba, ya zauna a gida. Fitowar masu zaɓe ta sauka zuwa kashi 78, daga kusan 85 a 2019. Mutum bai iya dangwala wa CHP ba saboda tarihinta da masu addini, amma kuma ya ƙi fita don ya saka wa wanda ya bar shi da yunwa. Wani kashi kuma ya koma Yeniden Refah, jam'iyyar Fatih Erbakan, ɗan marigayi Necmettin Erbakan wanda a hannunsa Erdogan ya koyi siyasa. Ta samu sama da kashi 6, ta ƙwace Sanliurfa da Yozgat. Babban makaminta a kamfe shi ne tambaya ɗaya: ta yaya ake la'antar Isra'ila a kan mumbari alhali jiragen ruwa na ci gaba da kai mata kaya daga tashoshin Turkiyya? Gwamnati ta ji zafin tambayar, domin a watan Afrilu ta taƙaita cinikin, a farkon Mayu ta sanar da dakatar da shi baki ɗaya.

A daren zaɓen Erdogan ya fito ya amsa cewa jam'iyyarsa ta yi asara, ya ce za su binciki kansu su gyara. Wannan abin yabo ne. Haka ma tsarin da ya bari aka ƙirga ƙuri'a aka bayyana faɗuwar mai mulki. Mu da muka saba ganin jam'iyyar gwamna ta kwashe kowace kujerar ciyaman da ta kansila a zaɓen da hukumar jiha ta shirya, mun san darajar hakan: a wurinmu zaɓen ƙananan hukumomi ba ya gaya wa mai mulki komai, don haka ba ya sanin jama'a sun gaji sai ranar babban zaɓe.

Abin da ya biyo baya ne ya ɓata lamarin. Tun a makon farko aka hana Abdullah Zeydan na jam'iyyar DEM ta Kurdawa takardar shaidar cin zaɓe a birnin Van, aka miƙa wa ɗan AKP da ya zo na biyu, sai da gari ya ɗauki zanga-zanga hukumar zaɓe ta ƙasa ta mayar masa da kujerarsa. Daga baya aka cire zaɓaɓɓun magadan gari a Hakkari da Mardin, aka ɗora jami'an gwamnati. A ranar 18 ga Maris 2025 jami'ar Istanbul ta soke digirin Imamoglu, wanda sharaɗi ne na takarar shugaban ƙasa, washegari 'yan sanda suka kama shi bisa zargin cin hanci. Gwamnati ta ce aikin kotu ne, ba ruwanta. In akwai laifi a hukunta, ba na kare kowa. Amma a soke digiri yau a kama mutum gobe, kwanaki kaɗan kafin jam'iyyarsa ta tsayar da shi takara, wannan ya yi wuyar haɗiya.

Erdogan ya fi kowa sanin ƙarshen irin wannan hanya. Shi ma daga kujerar magajin garin Istanbul ya taso a 1994, aka raba shi da ita, aka ɗaure shi a 1999 saboda baitocin da ya karanta a wani taro, bayan shekara huɗu ya zama firaminista. A 2019 kuma AKP ta matsa aka soke nasarar Imamoglu ta ƙuri'a dubu goma sha uku, da aka sake zaɓen ratar ta koma dubu ɗari takwas. Babban zaɓe na gaba an tsara shi ne a 2028, kuma tsoho ɗan fansho na Bursa da ya ƙi fita a 2024 ba ɗaure wani magajin gari ne zai fito da shi ba. Fanshonsa yake dubawa, da farashin burodi.