Nasiha ga Matasa Masu Fatan Soja Su Karɓi Mulki

'Yan'uwana matasa, tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023 rayuwa ta ƙara tsanani, wata magana take ta yawo a bakunanku, wai gara soja su kifar da gwamnati kamar yadda aka yi a Mali da Burkina Faso da Nijar. A zanga-zangar Agustan 2024 har an ga masu ɗaga tutar Rasha. Fushinku yana da dalili, amma ina roƙonku ku tsaya ku auna abin da kuke kira kafin ya amsa muku.

Ku dubi Sudan, domin a can ma matasa ne suka cika tituna har soja suka sauke Umar al-Bashir a Afrilun 2019, bayan ya shafe shekara 30 yana mulki. An yi murna, an kafa gwamnatin haɗin gwiwa da farar hula, sai ga shi a Oktoban 2021 sojojin sun kori abokan tafiyar tasu. A Afrilun 2023 kuma Janar Burhan da Hemedti, waɗanda suka yi wancan juyin tare, suka juya wa juna bindiga a tsakiyar Khartum, miliyoyin mutane suka bar gidajensu. Waɗanda suka yi ta rera waƙoƙin sauyi ba su aka tambaya ba ranar da aka fara harbi, kuma da yawansu yau 'yan gudun hijira ne a Chadi da Masar.

Maƙwabtan da kuke yabo ma, a Mali da Nijar an rusa jam'iyyun siyasa a 2025, a Burkina Faso kuwa an ƙara wa mulkin riƙon ƙwarya shekara 5 tun a 2024.

Mu kanmu ba baƙin wannan hanya ba ne. Juyin mulkin 15 ga Janairun 1966 ya ci rayukan Sardauna da Tafawa Ɓalewa, ya kuma buɗe ƙofar da ta kai ƙasar ga yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970. Mafi yawanku ba ku yi wayo a zamanin da ake ɗaure ɗan jarida da dokar soja ba, shi ya sa kakin yake yi muku kwarjini.

Gwamnatin farar hula, duk lalacewarta, tana da ranar da wa'adinta zai cika, kuma a 2015 an ga shugaba mai ci ya faɗi zaɓe ya miƙa mulki ba tare da an harba harsashi ba. Tun 2018 doka ta ba ɗan shekara 25 damar tsayawa takarar majalisar wakilai ko ta jiha. Ku yanki katin zaɓe, ku shiga jam'iyya tun daga mazaɓa, ku tsare ƙuri'unku har a ƙirga su, sannan ku daina karɓar kuɗin wanda za ku shafe shekara huɗu kuna tsine masa.